Hijirar kwamfutar gaibu, daga IBM zuwa Kalakla

A 1972 kamfanin IBM ya fito da VM/370, manhajar da ta bai wa na'ura guda damar ɗaukar kwamfutocin gaibu masu yawa. A yau irin wannan kwamfuta tarin fayiloli ce, shi ya sa take ƙaura, ko da yake ba cikin sauƙi ba: akan juya faifan VMware zuwa qcow2 kafin ya zauna a KVM, wani lokaci ma ya ƙi tashi.

Sudan ta ɗanɗana muhimmancin ƙaurar na'urori a Fabrairun 2024, sa'ad da yaƙi ya tsayar da cibiyoyin sadarwar Khartum. Bankak, manhajar da mutanen Kalakla ke sayen abinci da ita, ta gagara buɗuwa. Sudani da Zain sun farfaɗo daga Port Sudan, amma unguwar ta daɗe tana dogaro da Starlink.