Dorugu na Damagaram da kundin Magana Hausa

A shekarar 1885 ƙungiyar SPCK ta birnin Landan, wadda aikinta buga littattafan addinin Kirista ne, ta fitar da wani kundi mai suna Magana Hausa. Wanda ya tattara shi, James Frederick Schön, Bajamushe ne ɗan mishan na ƙungiyar CMS. Ya shiga ayarin da ya hau kogin Kwara a 1841, ya fara koyon Hausa daga bakin bayin da aka ƴanta a Saliyo, amma bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. To, mutumin da ke zaune a Ingila, ina zai samo abin cika littafi da harshen da ba a ji a unguwarsa?

Amsar tana wajen wani yaro ɗan ƙasar Damagaram. An haifi Dorugu a wajejen Kance. Yana ƙarami aka kama shi bauta, aka kai shi Barno, inda Baturen nan Adolf Overweg ya ƴanta shi tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu a 1852, yaran suka koma hannun Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar suka sani da Abdulkarim. Tare da shi Dorugu ya ratsa Zinder da Katsina da Sakkwato da Say har Tumbutu, sa'an nan suka ƙetare hamada suka isa Ingila a 1855.

A gidan Schön, yaron yana magana, dattijon yana rubutawa. Ya ba da labarin yarintarsa da kamunsa, da garuruwan da ya gani, da mamakin da cin abincin Turawa ya ba shi. Ya zuba tatsuniyoyi irin na dandali. Da taimakon wannan baki Schön ya gyara fassarar Linjila, ya buga nahawu a 1862 da ƙamus a 1876, daga bisani ya haɗa labaran a cikin kundin.

Manufar masu bugawa a fili take: samar wa ƴan mishan abin koyon harshe domin wa'azi. Sai dai abin da ya rayu ya wuce wannan manufa. Fassarorin Schön sun kau da fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki na 1932, amma labarin Dorugu yana cikin rubutattun zube na farko-farko da aka buga da Hausar boko. A 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka mayar da shi Ingilishi, masana tarihi kuma suna komawa gare shi don jin bauta daga bakin wanda ya ɗanɗana ta. Shi kuwa Dorugu ya komo Afirka, ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912.

Akwai abin lura a nan ga malaman makaranta da ƙungiyoyinmu na raya al'adu, Kirista da Musulmi, masu niyyar haɗa kundi suna kukan rashin abin rubutawa. Tsofaffin Tsibiri da Galmi da Zinder suna riƙe da labarin zuwan mishan, da na fari da yunwa, da waƙoƙin da ba a taɓa sa wa alƙalami ba. A je a zauna a gabansu a rubuta, a kuma sa sunan mai maganar a bangon littafin, domin sunan Dorugu bai samu wannan gurbi ba.