Kama Da Wane Ba Ta Wane: Tarihin Karnukan Kiwo Da Bambancin Halayensu

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani manomi kuma mai kiwon tumaki a ƙaramar hukumar Kibiya, wanda ya ce ɓarayi sun kwance masa raguna uku a dare ɗaya. Ya ce a kasuwar Rano wani ya ba shi shawara ya tafi birnin Kano ya sayo kwikwiyon karen Turawa, irin wanda ake kira karen 'yan sanda. Da ya je sai aka nuna masa iri biyu masu kama da juna, kowanne kuɗinsa ya fi na babban rago. Shi ne yake tambaya: mene ne bambancinsu, kuma sun fi karen da Fulani ke ajiyewa a ruga?

To Malam, madalla da wannan tambaya. Gyara zama, domin amsar tana cikin tarihi.

Da farko dai, masana sun ce kare ne dabbar da ɗan Adam ya fara sabawa da ita, fiye da shekara 15,000 da suka wuce, tun kafin tunkiya da saniya. A tsaunukan Tasili da ke kudancin Aljeriya akwai zane-zane a jikin duwatsu, na zamanin da Sahara ke da ruwa da ciyawa, inda za ka ga mutane da shanu da karnuka tare. A nan ƙasarmu kuwa, littafin Tarihin Kano ya ambaci baƙin kare cikin abubuwan da mutanen Barbushe ke yankawa a tsafinsu a gindin Dala. Littafin ya kuma ce a zamanin Sarkin Kano Yakubu, wanda ya yi mulki daga 1452 zuwa 1463, Fulani suka iso ƙasar Hausa daga Mali. Bayan zuwan Musulunci, malamai sun karantar cewa an halatta ajiye kare don abu uku: farauta, da kiwo, da gadin gona. Ka ga ke nan ajiye kare a garke ba baƙon abu ba ne a ƙasar Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai.

Sai dai ka riƙe wannan, don shi ne mabuɗin zancen: karen kiwo iri biyu ne. Akwai mai kora, wanda ke tattara dabbobi ya kaɗa su inda maigidansa ya nuna. Akwai kuma mai gadi, wanda ke kwana da garke yana tsare shi daga kura da ɓarawo.

Mai kora aikin Turai ne. A tsaunukan da ke iyakar Ingila da Sikotilan mutum ɗaya kan kiwata tumaki ɗaruruwa, ƙafarsa ba za ta iya zagaye su ba, sai ya horar da kare ya riƙa yi masa fito. A 1873 aka yi gasar karnukan kora a garin Bala na yankin Wales, kuma wani kare mai suna Old Hemp da aka haifa a 1893 shi ne kakan irin da ake kira Boda Koli a yau. Mu kuwa a nan, ka taɓa ganin Bafulatani yana tura kare ya kaɗo masa shanu? Sandarsa da muryarsa sun ishe shi. Kowace saniya ta san sunanta, farare Bunaji suna bin makiyayi a baya kamar 'ya'yansa. Saboda haka abin da ruga ke nema wurin kare shi ne kunne da haushi cikin dare.

Yanzu ga waɗanda aka nuna maka. Na farko makiyayin Jamus ne. Wani hafsan sojan doki mai suna Max von Stephanitz ya ga wani kare a wurin baje koli a 1899, ya saye shi, ya sa masa suna Horand, ya kafa ƙungiyar kula da irin a wannan shekara. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ingilishi ba sa son jin sunan Jamus, sai suka riƙa kiransa Alseshiyan, ba su maido masa da sunansa ba sai 1977. Da wancan suna ya fi shahara a Nijeriya. Kamanninsa: jiki mai tsawo, gashi mai kauri ninki biyu, baƙin baya kamar an ɗora masa sirdi, ƙafafu ruwan ƙasa, wutsiya mai gashi. Namiji kan kai kilo 30 zuwa 40. Halinsa natsuwa da biyayya, yana shaƙuwa da mutanen gida, yana ɗari-ɗari da baƙo. Aibinsa shi ne yawan ciwon ƙugu, ga shi gashin nan nasa ba ya shiri da zafin bazara da kaska.

Na biyu makiyayin Beljiyam ne, wanda ake kira Malinuwa, da sunan garin Malines. Ƙungiyar kula da irinsa ta riga ta Jamus kafuwa, domin a 1891 aka kafa ta, da taimakon wani malamin likitan dabbobi, Farfesa Adolphe Reul. In ka hango shi daga nesa sai ka ce na Jamus ne bai ƙoshi ba. Matso kusa ka ga bambanci: gashinsa gajere ne, launin ƙasa-ƙasa, baƙi a fuska da kunnuwa, ba sirdi a baya, jiki a tsuke, nauyin namiji kilo 25 zuwa 30. Halinsa kuwa wuta ne. Ba ya gajiya, ba ya son zama, in ba ka ba shi aiki ba zai nema wa kansa, kuma aikin da zai nema shi ne bin kajinka da awakin maƙwabta. Wannan zafin nama ya sa sojoji ke sonsa; irinsa ne sojojin Amurka suka tafi da shi farmakin da suka kai gidan Usama bin Ladan a 2011.

Abin lura, Malam, tun da daɗewa akasarin waɗannan iri biyu sun bar garke, wasunsu sun koma aikin 'yan sanda da soja. Wanda aka haifa a keji a birni bai taɓa jin warin tunkiya ba.

Mu dawo gida. A kwarin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, Buzaye da Fulani suna da nasu kare mai dogayen ƙafafu, siriri har kana ƙirga haƙarƙarinsa, kunnuwa a kwance, tsayinsa ya kan kai santimita 70 amma nauyinsa bai wuce kilo 25 ba. Yana korar barewa da zomo, yana kuma gadin zango. Maigidansa kaɗai ya sani, baƙo ba ya taɓa shi. A shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, yau ga shi ana tinƙaho da shi can da sunan Azawak. Karen da kake gani a rugagen Kibiya, da wanda mafarauta ke ja da igiya, sun yi kama da shi, amma sun fi shi gajarta da kauri. Tsakanin su biyun ma akwai bambanci. Na farauta an saba masa da bin duk abin da ya ruga, don haka ɗan akuya in ya zabura yana cikin haɗari. Na ruga ya tashi cikin maruƙa, ya ɗauke su 'yan uwansa. Dukansu suna jure zafi da kaska, kuma sauran tuwo da dusa da tsala sun riƙe su.

Ga wani misali daga kudancin Afirka. A Namibiya, tun 1994 ake raba wa makiyaya kwiyakwiyan wani babban karen gadi na ƙasar Turkiyya don tsare awaki daga namun daji. Asirin aikin shi ne ana sa kwikwiyon cikin garke tun yana ɗan wata biyu, ya kwana da su, ya fita kiwo da su. Wato tarbiyya ta fi asali tasiri a aikin gadi.

Saboda haka shawararmu ita ce kada ka sayar da sauran ragunanka don karen da abincinsa da maganinsa za su ci ribar kiwon. Ka je rugar da ka sani, ka dubi uwar: tana haushin baƙo da dare? Tana barin 'yan raguna lafiya? In haka ne, nemi ɗanta bayan an yaye shi, ka ɗaure shi kusa da turken tumaki, ka hana yara mai da shi abin wasa, ka ciyar da shi a nan. Ka yi haƙuri shekara guda, domin ba a kiwon kare ranar farauta.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi duka muhimmanci: ciwon haukan kare. Tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya samo rigakafinsa, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar karnuka. Ka kai karenka wurin malamin dabbobi a yi masa yana wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara. In kare ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti ranar nan, kada a tsaya jiran ganin alama, don in alama ta bayyana magani ya ƙare.

Da fatan Malam ya gamsu. Allah ya mayar maka da alherin abin da ka rasa, ya tsare sauran garken. Sai mun ji daga gare ku.