Tashe a Ƙasar Suleja: Asalinsa da Halin da Ya Shiga

Tashe wasa ne na kwaikwayo da kiɗa wanda yara da samari da 'yan mata suke yi da dare a watan Ramalana, galibi daga goma ga wata, suna bin gida gida da shigar ban dariya, ana ba su hatsi ko kuɗi. Masana adabin Hausa suna danganta asalinsa da al'adar tayar da masu barci domin sahur, aikin da ya fi dacewa da gwauro, wato namijin da ya rabu da matarsa bai sake aure ba, tun da ba shi da mai dafa masa abinci, dole ya riga kowa tashi. Daga nan ne tashen gwauro ya samo tushe, har ya zama sarauta a Kano, inda Nalako, shugaban gwagware, yake kamo su ya zagaya da su gari cikin kiɗa da zolaya don ya tunzura su su yi aure.

Matsayin Suleja a wannan tarihi na musamman ne, domin garin magajin tsohuwar daular Zazzau ta Haɓe ne. Bayan jihadi ya kori Sarki Muhammadu Makau daga Zariya, ƙaninsa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828 a tsakiyar ƙasar Gwari da Koro, kuma garin ya riƙe wannan suna har lokacin da aka ba sabon babban birnin tarayya shi, sannan aka kira tsohon garin Suleja saboda Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya yi mulki daga 1944 zuwa 1979. Hausawan da suka zauna a nan sun riƙe harshensu da sarautunsu da wasanninsu, amma sun yi hakan ne kafaɗa da kafaɗa da mutanen da wasu wasannin suke kwaikwayo. Misali shi ne Macukule, wanda yaro yake sa tsummokara ya kwaikwayi Bagwari da karin harshensa. A Kano ko Katsina wannan hoton baƙo ne na nesa, amma a unguwa irin Chaza ta Suleja maƙwabci ne da ake haɗuwa da shi a kasuwa kullum, don haka wasan ba ya yin armashi sai a cikin barkwancin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi.

Sauran wasannin ma darussa ne da aka lulluɓe da raha. Jatau Mai Magani yana jero sunayen itatuwa da cututtukan da suke warkarwa, Tsoho da Gemu yakan manna auduga a haɓa ya dogara sanda yana neman a tausaya masa, su kuwa 'yan mata a wasan Mairama da Daudu sukan sa ɗaya ta yi shigar maza domin a nuna zaman aure da haƙƙoƙinsa. Abin da ya bambanta tashe shi ne mai tashe yana shiga zaure ne ya gaya wa maigida gaskiya a gaban iyalinsa, ba a kuma hukunta shi.

Tun da gwamnatin tarayya ta koma Abuja a 1991 Suleja ta cika da baƙi, unguwanni suka faɗaɗa, yaran da suke fita da dare ba lallai ne masu gida su san iyayensu ba. A Kano kuwa 'yan sanda sun sha hana tashe a 'yan shekarun nan saboda 'yan daba da suke fakewa da shi. Hanin yana da dalili, amma abin da ya lalace shi ne kulawar manya, domin a da tashe yana ƙarƙashin idon masu unguwanni da sarakunan samari. Ya dace masarautar Suleja da makarantun garin su mayar da shi ƙarƙashin wannan kulawa, su kuma rubuta wasannin daga bakin dattawan da suka yi su tun suna raye.