Tarihin Yaƙi da Tarkacen Imel: Daga Baƙin Kundi Zuwa "Je Ka Dawo"

'Yan uwa ɗalibai, da yawanmu mun taɓa zaman jiran takardar shiga jami'a ko saƙon gida ta imel, shiru-shiru bai iso ba. Sau da yawa mai gadin akwatin ne ya tare shi. To daga ina wannan mai gadi ya samo asali?

A watan Mayu na 1978, Gary Thuerk na kamfanin DEC a Amurka ya aika tallar kwamfuta ga mutane kusan 400 a kan ARPANET. Ana ɗaukar wannan a matsayin tarkacen imel na farko. Ƙa'idar aika wasiƙu ta SMTP, wadda Jon Postel ya rubuta a 1982, ba ta tanadi tantance mai aikowa ba, domin a lokacin kusan kowa ya san kowa. Da intanet ta cika da jama'a, sai 'yan talla da 'yan damfara suka samu ƙofa a buɗe.

A 1997 Paul Vixie da Dave Rand suka kafa baƙin kundi mai suna RBL, wato jerin lambobin kwamfutocin da aka kama suna watsa tarkace. A 1998 Steve Linford ya kafa Spamhaus a Landan. Idan saƙo ya zo, uwar garken da ke karɓar wasiƙu takan juya lambar mai aikowa baya-da-gaba, ta tambayi kundin ta hanyar DNS. In amsa ta nuna lambar tana ciki, sai ta ƙi karɓa.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kundin lamba yake hukuntawa, bai san mutum ba. A shekarun 2000, kwastomomin shagon intanet guda a Najeriya sukan fita da lamba ɗaya. Ɗan 419 ɗaya ya isa ya jawo a toshe wasiƙun kowa, har da ta ɗalibi mai neman gurbin karatu.

A 2003 Evan Harris ya fito da wata dabara. Uwar garke za ta duba abubuwa uku: lambar kwamfutar da ta kawo saƙo, adireshin mai aikowa, da na mai karɓa. In ba ta taɓa ganin ukun tare ba, sai ta ce "je ka dawo", ta hanyar amsar ƙin karɓa ta wucin gadi irin 451. Uwar garke ta gaskiya takan ajiye saƙon ta sake gwadawa, sai a karɓa, a kuma tuna da ita. Manhajojin 'yan tarkace na wancan lokaci kuwa ba sa dawowa. Jinkirin kuma kan ba baƙin kundi damar kama sabuwar lamba. A 2012 aka rubuta tsarin a takardar RFC 6647.

Ita ma tana da illa: saƙon farko kan makara, wani lokaci har lambar sirrin da aka turo maka ta lalace kafin ta iso. Saboda haka in wasiƙarka ta dawo, karanta amsar da ta zo da ita. Lambar da ta fara da 4 jinkiri ne kawai, wadda ta fara da 5 kuwa an ƙi karɓa ne gaba ɗaya, sai ka nemi wata hanyar isar da saƙonka tun wa'adi bai wuce ba.