Suna Linzami Ne: Wa Ke Raɗa wa Kiran Kanel Suna?

Kanel, wato ƙwayar manhajar da ke riƙe da ragamar kwamfuta, lamba yake ganewa, bai san suna ba. A Linux, kiran da ake yi masa don rubuta bayani a fayil lamba 1 ne a na'urorin x86-64, lamba 4 a tsofaffin i386, lamba 64 kuma a arm64 da ke cikin yawancin wayoyin hannu. Mai rubuta manhaja ba ya haddace waɗannan. Write kawai zai kira, sai laburaren C, irin su glibc ko musl, ya jera bayanan a inda kanel ke jiransu, ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Hujjar wannan maƙala ita ce, raɗin sunan nan alkawari ne mai nauyi, kuma jinkirta shi yana da tsada.

Alkawarin a kan sakamako yake, hanya kuwa laburare ke zaɓa. Wanda ya kira fork a glibc, ta clone ake biya masa buƙata. Tun fitowa ta 2.26 a 2017, open ta koma bin openat, domin kanel na arm64 ma ba shi da open ɗin. Manhajar da aka rubuta shekaru talatin baya ba ta san an sauya hanya ba, kuma tana aikinta.

Nauyin alkawarin ne ya sa masu kula da glibc suke ɗari-ɗari, don sunan da suka fitar ba ya janyuwa. Sai dai taka-tsantsan ya wuce gona da iri. Kiran gettid ya shiga kanel 2.4.11 a 2001, bai samu suna a glibc ba sai a 2.30, cikin 2019. Shekara 18 ke nan masu manhaja na bi ta syscall, wato kiran kanel kai-tsaye da lamba, kowa ya rubuta tasa gettid. Da sunan hukuma ya iso, sai ya yi karo da nasu, manhajoji suka ƙi haɗuwa. Haka memfd_create ta yi wa manhajar QEMU lokacin da glibc 2.27 ta fito a 2018. Jaririn da aka ƙi raɗa wa suna ran bakwai, kowa a gida sai ya laƙaba masa nasa.

Wani zai ce a bi sahun Windows da macOS, inda laburare, ntdll ko libSystem, shi ne ƙofa ɗaya tilo da aka lamunta, lambobi kuma na iya sauyawa. Harshen rubuta manhaja na Go ya ɗanɗana kuɗarsa a macOS kafin ya fara komawa bin libSystem a fitowa ta 1.11, cikin 2018. To amma can gida ɗaya ke da kanel da laburare. A Linux gida biyu ne, kuma ƙa'idar Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ta kada kanel ya karya manhajojin jama'a ita ta tsayar da lambobi wuri guda.

Saboda haka gyaran ba ya buƙatar rufe ƙofa. Duk sabon kira, a zauna da masu laburare a tsayar da sunansa da siffarsa tun kafin ya shiga kanel. Inda aka bar wannan giɓi, masu rubuta manhaja ne ke biyan kuɗin.