Jigawa da Fadama a Ƙasar Jahun

Tsofaffin garuruwan ƙasar Jahun a kan jigawa magabata suka kafa su, domin rairayi yana shanye ruwa nan take. Fadama kuwa, mai laka, sai aka bar wa shinkafa da masunta. Kududdufan da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini su ne matattarar ruwan sama.

Farin shekarun 1970 da gina madatsar Tiga a 1974 suka rage cikar kogin Haɗeja. Jama'a suka saki jiki, aka yanka fuloti a fadama, aka cike kududdufai. Mu masu aiko kuɗin gini daga birni kuwa, da rani muke zuwa ganin fili. Da ambaliyar 2020 ta zo, tsofaffin hanyoyinta ta bi, ta iske gidaje a kansu.