Yadda Kujerar Gaba Ta Zama Tukuici

Kafin 1978, gwamnatin Amurka ce ke ƙayyade kuɗin tikitin jirgin sama a cikin ƙasar. A shekarar ne Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta sakar wa kamfanoni mara, sai tikiti masu rangwame suka cika kasuwa. Nan fa ƙorafi ya taso. Ɗan kasuwan da ya biya cikakken farashi sai ya tarar kujerarsa da abincinsa iri ɗaya ne da na mai tikitin araha, alhali daga irinsa kamfani ke cin riba.

Ranar 1 ga Mayu 1981, American Airlines ya ƙaddamar da AAdvantage, tsarin da ke ƙirga nisan tafiye-tafiyen fasinja ya saka masa. United ya biyo baya cikin 'yan kwanaki. Sannu a hankali mai yawan tafiya da ke riƙe da tikitin cikakken farashi, mai alamar Y, ya shiga sahun waɗanda ake fara mayarwa ajin farko.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Kujerar da jirgi ya tashi da ita ba kowa, kuɗinta ya tafi ke nan. Gara a ba fasinjan da ake tsoron ya koma wani kamfanin.